Taƙi Ɗaya na Ruwan Fisin

Tun bayan sadakar arba'in ɗin mahaifinku, Allah ya jiƙansa, na lura duk sanda kuka taru a gidan nan sai ɗayanku ya ɗauko labarin tanoni, ku yi ta dariya har da riƙe ciki. Ban hana ku ba, don ni ma in na shiga ɗaki nakan yi tawa. Amma yadda kuke ba da shi ba haka ya faru ba. Kun mai da shi labarin rowa, ga jikokina a gefe suna ji. Sa'annan watan jiya 'yar'uwarku Zara'u ta zo mini da shawarar da kuka yanke a bayan idona, wai a kira masu mota su cike fisin, ramin wankan nan da ke baya, da ƙasa, tunda na tsufa, kuma ai dama ni ce na fara neman a cike shi. Gaskiya ne, ni na fara nema. Shi ya sa zan rubuta muku yadda aka yi, a ƙarshe ku ga amsata.

Mun fara zama a Montreuil cikin ɗaki ɗaya, daga baya muka koma Minguettes a gefen Lyon, can ƙololuwar bene, inda in ka leƙa taga sai ka ga mutane kamar tururuwa. Mahaifinku yana sayen tsofaffin kaya, firijo da takalma da kayan mota, yana aikawa gida. Ƙananan kayan a tano yake zuba su, wato shuɗɗan durorin roban nan masu murfi da kuka tashi kuna gani. Da Allah ya buɗa masa, sai ya ce lokaci ya yi da za mu sauko ƙasa mu taka ta da ƙafarmu. Mun duba gidaje da dama a bayan Vénissieux. Akwai wanda na so, mai faɗin madafa da fili a baya. Sai aka kawo mu wannan, madafarsa kamar akurki, rufinsa na yoyo, amma a bayansa ga fisin, ramin wanka irin na Turawa, cike da ruwa garai-garai har kana ganin ƙasansa. Alhaji ya tsaya a bakin ruwan nan, bai ƙara jin ko kalma ɗaya daga bakin dillali ba.

Na ce, "Alhaji, ka iya iyo ne?"

Ya ce, "Wa ya ce miki shiga zan yi?"

"To me za ka yi da shi?"

"In gan shi."

Haka kuwa aka yi. Har ya koma ga Allah bai taɓa tsoma fiye da yatsansa a ciki ba. Bayan la'asar zai ja kujera da babbar rigarsa, ga shayi ga carbi, ya zauna yana kallon ruwa kamar mai kallon garken shanunsa. In kuka yi tsalle kuka faɗa, sai ya miƙe yana tsawa, ba don tsoron ku nutse ba, wai kuna fallatsar masa da ruwa waje. Ni kuwa abin da ke raina daban. Shekara da shekaru ina shuka yakuwa a gwangwanin tumatir a bakin tagar bene, ina cewa ranar da na sauka ƙasa sai na yi lambu, in shuka kuɓewa da rama da yakuwa, in daina sayen busasshe mai ɗanɗanon kwali. Ga shi na sauko, rami ya cinye filin duka, ya bar mini wani ɗan siririn wuri jikin shinge wanda ko tabarma ba za ta shimfiɗu a kai ba.

Maƙwabcinmu a lokacin Mushe Gasto ne, wato Malam Gasto a bakin Turawan nan, tsohon direban bas da ya yi ritaya, mai jan hanci da kare ɗaya. Shi ma yana da fisin. Da ganye ya fara zuba a shekararmu ta farko, sai ya jingina da shinge ya kira Alhaji. Faransancin mahaifinku na kasuwa ne, ya ishe shi ciniki amma ba ya kai shi lungu, don haka aka kira Zara'u, tana 'yar lakwal, wato makaranta, a lokacin, ta tsaya tsakani. Mushe Gasto ya ce fisin ba randa ba ne da za a bar shi haka. In sanyi ya zo ruwa ya daskare, ƙanƙara tana tura bango, tana fasa bututu, wani sai ya wayi gari ramin ya tsage daga sama har ƙasa, gyaransa kuma sai dai a haƙura. Dole a shirya shi ya yi barcin sanyi.

Ni ina shanya ina ji. Ban san sanda bakina ya ce, "Allah ya sa alheri," ba.

Alhaji ya juyo ya ce, "Hajiya, wannan addu'ar taki ta wane ɓangare ce?"

A daren nan muna cin tuwo muka yi sharaɗi, Zara'u ce shaida. Idan ramin ya fashe a sanyin bana, za a cike shi da ƙasa in yi lambuna. Idan ya kai bazara lafiya, na rufe bakina a kan maganar har abada. Alhaji ya ce ya yarda. Ni ma na yarda, don na ga sanyin garin nan ya fasa kwalta, balle wani siminti mai fenti.

Ranar wata Asabar Mushe Gasto ya zagayo da takalman roba da ɗan injinsa na jan ruwa. Alhaji ya bi shi sau da ƙafa kamar sabon ɗalibi. An kwashe ganye da raga, an goge bango, an zuba magani mai warin jabel, ruwan nan na farar da tufafi. An nuna masa yadda za a kashe inji a tsiyaye shi, a hure bututu a toshe bakunansu. An sa mu tara kwalaben roba, kowace a zuba mata ɗan yashi, a ɗaure su a igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, don in ƙanƙara ta matsa ta matse kwalba maimakon bango. Duk wannan Alhaji yana cewa to, to, madalla. Sai aka zo kan babban aikin. Mushe Gasto ya nuna wasu ƙofofi a jikin bango kusa da baki, ya ce sai an rage ruwa ya sauka ƙasa da su, kamar taƙi ɗaya. Ya jefa injinsa a ruwa, ya ja tiyo ya bi ta gefen gida ya kai bakin kwata, ya kunna. Ruwa mai haske kamar hawaye ya fara kwarara cikin rami.

Alhaji ya dubi kwata, ya dubi Mushe Gasto, ya ɗaga ƙafa ya take tiyon nan.

"Zara'u, tambaye shi, ina ruwan zai je?"

"Baba, kwata mana."

"Na ga kwata. Daga kwata fa? Wa zai sha?"

"Ya ce ba kowa, Baba. Ya ce ruwan magani ne, kowa haka yake yi."

"Ce masa ya kashe."

Mushe Gasto ya ɗaga hannuwa sama yana faɗin abubuwa da sauri, waɗanda Zara'u ta ce ba sai ta fassara ba. Tiyo ya kumbura a bayan ƙafar Alhaji kamar maciji ya haɗiye ƙwai, bai ɗaga ba sai da aka kashe.

Ya ce, "Taƙi ɗaya ne fa kawai. A bar mini injin, ni na san inda zan kai shi."

A nan ne kuke cewa rowa. To ku saurara. Kun san mu 'yan Damagaram ne, amma ba ku san Damagaram ta lokacin rani ba, don ku da damina ake kai ku. Mahaifinku kafin ya zama Alhaji ɗan garuwa ne. Garwa biyu a sanda, sanda a kafaɗa, daga famfo zuwa gidajen mutane, tun bai yi gemu ba. Kantar nan da ke kafaɗarsa ta dama, wadda kuke taɓawa kuna yara yana ce muku harbin kunama ne, ta sandar ce. Gwaggonku ta taɓa ba ni labarin ranar da ya yini a layi ya samo garwa ɗaya ta gida, ya yi tuntuɓe a ƙofar zaure ta zube. Mahaifiyarsu ba ta doke shi ba. Ta fita tsakar gida ta yi taimama, aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Shi bai taɓa ba ni wannan labari da bakinsa ba. Mutumin da ya ciyar da rabin 'yan garinmu da suka sauka Lyon, ya ba su katifa da kuɗin jirgi, ba za a kira shi marowaci ba. Ruwa ne kawai ba ya iya gani yana tafiya ba a aike shi ba.

Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa Sevran, sunan jikar wata aminiyata. Na bar shi da yayanku suna gangaro da tanoni daga garaji. Na yi kwana uku. Da na dawo, daga bakin titi na ɗauka mun koma sayar da mai. Tanoni sun yi sahu daga ƙofar gida har jikin shinge kamar jama'ar Idi. Abin da Alhaji bai lissafa ba shi ne, taƙi ɗaya a fisin ba taƙi ɗaya ba ne a garwa. Ya cika tanonin da ke gida, ruwa bai ko motsa ba. Ya tafi sito ya zazzage takalman mutane a ƙasa ya kwaso sauran. Ya ari bidoji, wato jarkoki, wajen 'yan garinmu na Minguettes. Da suka ƙare ya shiga madafata. Manyan tukwanena na biki, bahon wanki, bokitai, butoci, har da kular da nake zuba kunu da azumi, duk suna waje cike da ruwan fisin. A ƙarshen sahu, jikin bangon garaji, ga randata.

Randar nan ta Mirriya ce, garin maginan tukwane kusa da Damagaram. Mahaifiyata ta aiko mini da ita naɗe cikin barguna, shekarar da na ce mata ruwan famfon Turawa ba shi da ɗanɗano. Ta hau bene da mu, ta sauko da mu. A lokacin da nake ba ku labari shekara biyu ke nan da rasuwar Inna, kuma ban da randar ba ni da wani abu da hannunta ya taɓa.

Na ce, "Alhaji, har da randar?"

Ya ce, "Ita ta ƙarasa aikin, Hajiya. Ita ta kai mu ƙasan ƙofofin. Randa mai albarka."

"A juye mini ita."

"A juye a ina? Ki bari warin maganin ya fita tukuna, sai in samo mata wani mazubin."

Na so in yi magana, sai na ga idonsa sun faɗa, hannunsa duk sun yi fari saboda ruwa, amma fuskarsa kamar wanda ya dawo daga Arfa. Fisin kuma an shirya shi tsaf, kwalabe a igiya, an ja masa bargon leda mai kauri an ɗaure. Sai na haɗiye maganata na shiga ciki, na dafa shinkafa a ƙaramar tukunya sau biyu.

Kowane mazubi Alhaji ya cika shi har baki, ya murɗa murfi da ƙarfinsa duka. Wannan ƙa'idar 'yan garuwa ce: garwa mai wuya a buɗe, wato wadda ba ta cika ba, ha'inci ce, mai gida ya gan ta ba zai sake kiranka ba. Mushe Gasto ya leƙo ta shinge ya yi ta nuni da hannu, a rage, a sassauta murfi.

Alhaji ya ce, "A kan fisin na sallama masa, malamina ne. Amma Bature ba zai koya mini cika garwa ba."

Zara'u ta ce, "Baba, a lakwal an koya mana, ruwa in ya daskare ƙaruwa yake yi."

"Ƙaruwa?"

"Wallahi, Baba."

"Alhamdulillahi! Kin ji ƙasar arziki, Hajiya. Ruwa ma haihuwa yake."

Watanni biyu ba abin da ya faru. Sanyi na yau da kullum, Alhaji yana ɗibar bido ɗaya-ɗaya yana wanke mota, yana zuba wa bayi. Ni ina leƙen fisin ta tagar madafa, ina auna inda zan sa kuɓewa da inda zan sa rama. Sai wani sanyi ya sauko wanda ko tsofaffin unguwa suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Kwana da kwanaki ko da rana tsaka abin da ya daskare ba ya narkewa. Wata safiya bayan gari ya waye muka ji karen Mushe Gasto yana haushi ba ƙaƙƙautawa. Alhaji ya zura manto, rigar sanyi, a kan jallabiya ya fita, na bi bayansa.

Sahun nan na Idi ya watse. Gindin kowane tano ya kumbura ya zama kamar ƙwarya, wasu sun kife, wasu sun jingina da juna kamar mashaya, wasu sun tsage ƙanƙara ta leƙo. Bidoji sun yi ciki kamar awakin da suka shiga rumbu. Murfi ɗaya ya yi tsalle ya tsallake shinge ya sauka a kan ɗakin kare, abin da ya tayar da haushin ke nan. Tukwanena na biki gindinsu ya fito waje, shi ya sa har yau in an ɗora babbar a wuta take rawa. Ku kuna taga kuna ƙyalƙyala dariya. Mushe Gasto ya fito da hular barci riƙe da murfi, ya dubi fuskar Alhaji, sai ya miƙa masa murfin kawai. Ya zagayo ya ɗaga gefen bargon fisin. Ƙanƙara ta rufe ruwan, ta matse kwalabe sun lotse, amma bango lafiya lau, ko tsagar gashi babu.

Ni ban tsaya nan ba, na wuce jikin garaji. Randa ta rabu. Ɓarayinta sun zube a ƙasa kamar ɓawon ƙwai, gindin ne kawai ya saura. Amma a kan gindin ga wata randar tsaye, ta ƙanƙara, da cikinta da wuyanta, har da zanen da maginiya ta yi ya fito a jiki. Na daɗe ina kallonta. Ban yi kuka ba. Na durƙusa na fara tsince ɓarayin ina zubawa a zanena.

Ina nan durƙushe sai na ga ƙafafun Alhaji. Ya cire rawanin da ya naɗe wuyansa da shi, ya ninke ya ɗora a kafaɗar dama, daidai kan kantar. Ya kira yayanku ya taya shi, suka ɗaga randar ƙanƙarar nan suka aza masa. Mutum mai shekara kusan sittin, da furfura, da silifa a kan ƙanƙara. Sai na ga ya ɗan karkata, ya soma wani taku gajere mai sauri wanda ban taɓa ganinsa da shi ba, takun 'yan garuwa. Na aure shi yana da shago, ban san shi da sanda ba. Ranar na ga yaron da gwaggonku ta ba ni labari. Ya shiga gida ya hau da ita sama, ya ajiye ta a kwamin wanka, ya toshe ƙasan don kada ta narke ta gudu.

Na hau na tarar da shi tsaye a ƙofar bayi yana haki.

Ya ce, "Hajiya."

Na ce, "Na'am."

"Ramin naki ne. In sanyi ya wuce zan kira masu ƙasa."

"Ya fashe ne?"

"Bai fashe ba."

"To me muka ce a gaban Zara'u?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na fasa miki randar Inna."

Na ce, "Randa ba ta cikin sharaɗi, Alhaji. Ka ci, na faɗi. Abin da nake so ka faɗa mini yanzu shi ne, a ina mutanen gidan nan za su yi wanka yau?"

Kwana biyu kuna wanka da bokiti a tsaye, kuna mita, kafin ƙanƙarar ta narke. Da ruwanta aka goge dakalin gida. Da bazara ta zo aka yaye bargo, aka kunna inji, fisin ya tashi daga barcinsa ba abin da ya same shi, Alhaji ya ja kujerarsa. Ni kuma na rufe bakina kamar yadda na yi alkawari. Kuɓewa ban taɓa shuka ta a ƙasar nan ba. Yakuwa ce kawai a ɗan siririn wurin nan na jikin shinge, sai na'ana'a a gindin randar, wadda kuke tsinka kuna sa wa shayi ba ku san a cikin me take ba.

Daga shekarar, duk kaka sai mun rage taƙi ɗayan nan, kuma ko sau ɗaya bai je kwata ba. A tanoni muke zuba shi, a bar wuya a buɗe, a ɗora murfi sakwa-sakwa, da bazara in warin ya fita in ba yakuwata. Sai dai Alhaji bai taɓa iya tsayar da tiyo da hannunsa ba. In ruwa ya kusa inda za a tsaya, sai ya miƙo mini ya juya baya, ya ce, "Hajiya, yi ha'incinki, ban gani ba." Bara, da ciwo ya hana shi fita, daga taga ya faɗa mini haka.

To ga amsata. Ba za a cike shi ba. In tsoron kada jikoki su faɗa ciki ne, na ji, za a yi masa shinge da ƙofa. Maganar tsufana kuma, kallo ba ya buƙatar ƙarfi, kujerar tana nan inda ya bar ta. Ganye ya fara zuba. Ranar Asabar ku zo da kwalaben roba, yayanku ya gangaro da tanoni, Zara'u ta zo da raga. Wanda duk ya ja tiyo ya nufi kwata da shi, zai tarar da ƙafata a kai.